Badujalar Fatar Akuya

Markar bana ta zauna mana kamar ba ta da niyyar tafiya. Tun shekaranjiya ake yayyafi, katangar bayan gida ta jiƙe ta yi baƙi, ashana ma sai an ɗumama ta a hammata kafin ta kama. Amma da safen nan ina kwance ina fama da gwiwata, sai na ji 'yan makarantar bayanmu suna buga ganga a cikin ruwan nan, tas-tas, ko a jikinsu. Na tambayi jikata yadda aka yi, ta ce ai gangunan yanzu fuskarsu ta roba ce, ko a rijiya aka tsoma su sai sun yi ƙara. Na yi ta dariya ni kaɗai har ta fara yi min kallon wadda ta zare. Ba laifinta ba ne, ba ta san akwai markar da kakarta ta sauke kaskon tuya ta ɗora ganga a murhu ba.

Lokacin yaƙin basasa ne. Muna zaune a gidan gado a gindin Dala, ni da maigidana Malam da yaranmu. Malam ɗinki yake yi a zaure, huluna da aljihun riga, ni kuma ina tuyar ƙosai da safe, 'yata Ladi ta fita da shi. Shekarun nan komai ya yi wuya. Manjan da ake kawowa daga kudu ya ɓace ɓat. Kananzir ya zama abin lallaɓawa, fitila sai a ci tuwo a hure ta. Sukari kuwa yara har sun manta da shi, koko da tsaminsa ake sha, in an samu mazarƙwaila ranar an yi Sallah. Maza su taru a wajen mai shayi suna jin rediyo, su dawo gida kowa da irin labarinsa, mu mata mu tsinci wanda muka tsinta.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da makarantar firamaren unguwa. 'Ya'yan majema ne a ciki, da na 'yan koli, da na masu dako a kasuwa, wasu ko takalmi babu. Amma suna da abin da suke taƙama da shi, wato badujala, irin kiɗan nan na sojoji da ake maci da shi. Kayan ba nasu ba ne, tsofaffi ne da aka ara musu daga bariki tun da daɗewa. Kullum da safe sai an buga kafin a shiga aji, kuma mu matan lungun da ita muke gane lokaci. In aka soma kiɗa ban zuba kasko na biyu ba, to ranar na makara.

Ɗan farina ne yake riƙe da babbar gangar. A zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba, Yayan Ladi nake cewa. Yana ajin ƙarshe, ga tsawo ga ƙirji, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya isa aure. Karatu kam bai dame shi ba, gangar nan ce take kai shi makaranta. Ni kuwa ina bayan katanga ina tuya, ina jin hannunsa daban da na kowa, ina jin daɗi a raina, fuskata a murtuke.

Ana nan gab da Babbar Sallah aka zo aka kwashe kayan, wai za a koya wa sababbin sojoji maci da su. Washegari makaranta ta yi tsit. Ƙosaina har ƙonewa ya yi ina jiran kiɗan da ba za a yi ba. Yayan Ladi kuwa sai ya fara fashi. Ya fita da kayan makaranta, ya zarce bayan ganuwa kallon masu koyon soja, ya dawo ya saɓa muciyata a kafaɗa yana buga ƙafa a tsakar gida. Na ɗauka wasa ne, sai da Ladi ta raɗa min cewa shi da abokinsa Sale sun gama magana, za su je su ba da kansu a ɗauke su soja. Ana ta faɗa a gari cewa in yaro yana da jiki, ya ƙara wa kansa shekaru, wucewa yake yi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

To yaya zan yi? In na gaya wa Malam, bulala zai ɗauka, yaro kuma ya samu dalilin gudu a ranar. In zaunar da shi in yi masa magana, bakin ba zai buɗu ba, shi ma ba zai iya kallona ba. Sai na kira Iya Abu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ta wuce kulle, ko'ina ƙafarta tana zuwa. Na ce mata shirun makarantar nan ya dame ni, yaran unguwa duk sun yi laushi. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce yaran unguwa ko? Na ce su fa. Ta ce to.

Ita ta je wajen Malam Garba, malamin da ke kula da badujalar. Ya ce ya yi zarya neman wasu kayan har takalminsa ya cinye, duk inda ya je sai a ce masa ana yaƙi wa yake ta ganga. Amma in za a samu fatu da abin da za a ɗaura su a kai, akwai Baba Tanko, tsohon makaɗin mahauta, shi ba abin da bai iya haɗawa ba.

Allah da ikonsa, shekarar nan rago ya fi ƙarfin mutane, yawancin gidaje akuya aka yi niyyar yankawa, ashe kuma fatar akuya ita ganga take so. Awaki kuwa a unguwarmu na mata ne. Ina da wata ja mai ƙiba da nake ji da ita, na ce wa Malam bana ni ma zan yi layya. Ya yi mamaki, ya sa min albarka, bai san ina da wata manufa ba bayan ladan. Iya Abu ta bi gida-gida tana cewa duk wadda ta yanka tata, ta ba makaranta fatar sadaka. Ranar Sallah da yamma fatu suka taru a tsakar gidana, mata suna leƙowa suna tsokanata, wai wannan ɗawainiya duk don 'ya'yan mutane? Na ce ni ina ruwana da wani, hayaniyar ce na saba da ita.

Bazarar shekarar ba ta da daɗi. Rana tun hantsi take cizo, rijiyarmu ta ja baya sai an ƙara igiya, ruwan ya fito da laka a bar shi ya kwanta. A cikin wannan zafin muka jiƙa fatu da toka, muka kankare gashin, aka kafe su a ƙasa da 'yan turaku suka bushe ƙamas. Wari kam ba a magana, ƙudan Kano duk a gidana suka yi Sallah. Malam ya shigo yana toshe hanci, ya ce yaushe na koma jima? Na ce aikin lada ne. Sauran kayan kuma kowa ta duba ɗakinta. Bokitan da gindinsu ya cinye suka zama jikin ƙananan ganguna, bakin tsofaffin rariya ya zama zoben da zai riƙe fata. Mai kananzir ya ba da duro guda, tunda ba abin da zai zuba a ciki, maƙeri ya raba shi aka sami babbar ganga. Wata amarya ta sadaukar da murafan tasa biyu daga jerenta don a riƙa gwara su, wani mai sarewa ya yanko gora ya huda wa yara.

Duk kai-kawon nan Yayan Ladi ne mai yi, domin na sa Iya Abu ta ce wa Malam Garba a ɗora masa. Daga gidanmu zuwa maƙera, daga maƙera zuwa gidan Baba Tanko, ya dawo gumi sharkaf ya sha ruwa a tsaye ya sake fita. Bayan ganuwa ko tunawa da shi ba ya yi. Ni kuwa sai in ƙara masa tuwo a kwano, in ce wa Ladi ta kai wa wancan.

Baba Tanko ya ɗaure ganguna yadda ya gada, da tsirkiyar fata, ya ja ta tam. Aka fito da su gwaji bayan la'asar, daidai lokacin da maza suke fitowa daga masallaci. Ƙara kam ta yi ƙara, har cikin ƙirjina na ji ta. Amma ba a jima ba na ji an yi shiru, sai muryar Malam.

“Wannan ai gangar mahauta ce. Sauke ta. Ɗana ba maroƙi ba ne.”

Sauran iyaye suka bi bayansa, kowa ya ja nasa. Abin da muka manta ke nan. A cikin birni kiɗa gado ne, yana da gidajensa, ɗan malami ko ɗan mai sana'a ba ya rataya ganga. Da can sun ƙyale ne don badujala abin hukuma ce, ta Bature ce, ba ruwanta da roƙo. Wannan kuwa ga ta nan da tsirkiya, da sauran gashin akuya a gefe. Baba Tanko dai ya saba da irin wannan. Yayan Ladi ya ƙi cin tuwo, kwana biyu kuma ina shara na ga ƙunshi a bayan randa, riga da wando da ɗan garin rogo. Na mayar da shi yadda yake.

Na zaunar da Ladi na ce ta kwatanta min tsofaffin gangunan, tunda ni jin su kawai na sani, ban taɓa ganinsu ba. Ta ce jajaye ne, da farar igiya an yi mata hawa da sauka a jiki, da farin maratayi mai faɗi. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na ce tashi ki kira min Iya Abu.

Iya Abu ta samo ragowar jan fenti a wajen mai yi wa motocin katako ado. Mu kuma muka kwana biyu muna kaɗi, muka tufka farar igiyar auduga, aka bi kan tsirkiyar nan da ita har ta ɓace. Aka aske gefen fata tas. Maratayan kuwa na yanka tsohon farin yadin alawayyo na miƙa wa Malam da kansa, na ce na makaranta ne, ya ɗinke su da kyau har da kalmasa. Ranar da aka sake fito da su, yara sun jeru, ja da fari yana ɗaukar ido. Malam ya zagaya babbar gangar, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya gyara tsayuwa, ya ce to yanzu aka yi magana, wannan ita ce badujala. An ce Baba Tanko sai da ya koma bayan masallaci ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ƙunshin bayan randa dai bai tashi ba, amma kiɗan safe ya dawo, ƙosaina ma ya daina ƙonewa.

Sai ruwa ya sauka. Maza suka fita shuka a gonakin bayan ganuwa, hatsin gida ya ja baya, muka koma kwaɗon rama da tafasa, tuwo sau ɗaya a yini. Ɗakuna suna yoyo, ana tara kwanoni. Baba Tanko ya aiko wa Malam Garba cewa fata tana jin damina, in ta yi sanyi sai an nuna mata wuta. Malam Garba ya ce a rufa masa asiri. Gasa ganga a bakin wuta ai shi ne tambarin makaɗa, duk wanda ya taɓa zuwa gidan biki ya san haka, in iyaye suka gani an koma gidan jiya. Sai ya riƙa shanya su a rana kafin a buga, kuma hakan ya yi ta yi masa aiki, tunda farkon damina ruwa ya zuba ne rana ta fito.

Aka sa ranar gasar maci ta makarantun cikin birni, ta faɗo tsakiyar marka. Ladi kuma ta kawo min labarin da ya hana ni sukuni. Sale zai bi motar masu shiga soja da za ta tashi washegarin gasar, ya matsa wa Yayanta su tafi tare. Shi kuma ya ce a bari a yi macin tukuna. In an yi musu dariya a gaban 'yan makarantun masu hali, ba zai ƙara taka makarantar nan ba, mota zai bi.

Kwanaki aka yi ba a ga rana ba. Ranar gasar gari ya waye da yayyafi, sama ta yi toka-toka, itacena ɗanye yana ta hayaƙi. Na kasa kunne ta katanga. Aka buga, sai na ji bub, bub, kamar ana dukan jiƙaƙƙen tsumma. Aka sake bugawa, haka. Yaran da ba sa cikin badujala suka fashe da dariya. Ban san lokacin da na sauke kaskon daga wuta ba, da ƙosan a ciki. Na ce wa Ladi ta ruga ta gaya musu su miƙo gangunan ta kan katanga, kada su biyo ta zaure, Malam yana can.

Yayan Ladi ya haye katanga ya zauna kamar mai hawan jaki, ana miƙo masa yana miƙo mana. Iya Abu ta kwaɗa wa maƙwabta kira ta kan soro, mata suka shigo ta ƙofar baya kowa da garwashinta a kasko. Muka kewaye wuta muna juya ganguna, a kara fuskar nan, a juya waccan, a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Kana jin muryar tana tasowa a hankali, daga bub ta koma dum, daga dum ta koma tau. Hayaƙi ya cika rumfa, muna hawaye muna dariya, amaryar nan mai murafan tasa har ta fara rausaya. Babbar gangar tana hannuna, ina juya ta, sai na ga inuwar mutum a kaina. Malam ne, ya gaji da jiran kokonsa ya shigo.

Kowa ta ja mayafi ta rufe kai. Ya dubi matan mutane a gidansa, ya dubi badujalarsa ta hukuma a kan murhu, ya ɗaga kai ya dubi ɗansa a kan katanga, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Na ce a raina yau kashina ya bushe. Sai ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa fatar.

“Kafin su kai filin ai ta sake yin sanyi,” in ji shi. “Cika min kurfoti da garwashi.”

Na tsaya ina kallonsa. Ya sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, “Ke kaɗai kike shan ruwa a randar nan? Ni ma na ga ƙunshin.”

Sauran labarin a bakin Ladi da Iya Abu na ji, kowace tana katse 'yar'uwarta. Wai Malam ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki laima a hannu ɗaya, kurfoti a ɗayan, ya bi bayan yara yana fifita wuta da gefen hannun riga. Da abokan zamansa na masallaci suka gan shi, sai kunya ta kama su, wannan ya shiga gida ya fito da kasko, wancan da tsohuwar tasa. Haka suka ratsa lunguna har filin, yara a gaba, dattawa a baya hayaƙi yana bin su. Da aka kusa kiran makarantarmu suka tsuguna a bakin fili suka yi da'ira, Baba Tanko a tsakiya yana nuna musu yadda ake juyawa, yana yi wa Malam faɗa wai ya matsa kusa da wuta da yawa. Mutane suka yi ta dariya, ba ƙarya. Amma da aka miƙe aka buga, Ladi ta ce har alƙalan gasar sai da suka waiwayo, kuma masu dariyar nan su suka fara tafi.

Kofi dai ba su ci ba, wata makaranta mai begila da takalma iri ɗaya ta ɗauka. Amma da za a watse rabin filin su ya biyo. Tun suna nesa nake jin su, kiɗa da sowa da guɗar tsofaffi, har suka shigo unguwa. Ni dai ban san me ke ran yaro ba. An yi dariyar, an kuma yi tafin, ban san wanne ya riƙe ba. Na leƙa bayan randa, ƙunshi yana nan.

Gab da magariba ya shigo, jiƙe jagab, da babbar gangar a bayansa. Ya sauke ta a gefen murhu, ya tsuguna yana goge ta da gefen rigarsa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

“Inna, a bar min wuta da asuba,” ya ce. “Gobe ni zan gasa su kafin yara su taru. Malam Garba ya ce in fara koya wa na bayanmu.”

Daɗi ya kama ni, na zauna a kan turmi. Na so in rungume shi, wallahi na so. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ja ta gefe, ta tare min hanya.”

Da gari ya waye motar ta tashi da Sale da wasu samarin unguwa. Nawa yana tsugune a gaban murhuna yana juya ganga, hayaƙi yana sa shi tari, ni kuma ina ta yi masa faɗa kada ya zubar min da ƙullu.